Ranar da Baba Tela Ya Zama Likita

A layinmu kowa Danna-Nan yake ce masa, har matarsa ma sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuna sunansa na gaskiya. Sana'arsa cajin waya. Yana da tebur mai ƙafa uku da rabi, an cike rabin da bulo, da soket goma sha biyu, bakwai a cikinsu na aiki. Amma in ka ji shi yana magana sai ka rantse shi ya ƙera wayar salula da hannunsa. Duk matsalar da aka kai masa, ta waya ce ko ta ciwon baya, amsarsa ɗaya ce: "Ai wannan ba komai ba ne, danna nan kawai za a yi."

Teburin nan a ƙarƙashin rumfar shagon surukinsa yake, wato Baba Tela, mahaifin matarsa. Daga shagon ake jawo masa wuta, kuma rumfar ita kaɗai ce inuwa a wannan yanki na titi. Tsallaken titi babu komai sai turken wutar lantarki da rana. Baba Tela dattijo ne mai ƙarancin magana, shekara arba'in yana kan keken ɗinki, tabarau a hanci, tef ɗin awo a wuya. Don 'yarsa ya ba da wurin, kuma kowa a layin ya san haka, ban da Danna-Nan.

Ranar Litinin da hantsi, Baba Tela yana zaune babu aiki, Mai Faci da Mai Aski sun zo shan inuwa, sai Danna-Nan ya ɗaga wayarsa sama kamar wanda ya tsinci zinariya.

"Ku dai kuna ba ni tausayi," in ji shi. "Duniya ta koma cikin waya, ku kuna nan kuna jiran kwastoma ya zo da ƙafarsa. Akwai manhajar neman aiki. In na sa ku a ciki, kafin mako ya zagayo sai kun ɗauki ma'aikata."

"Kai da kake ciki, ma'aikata nawa ka ɗauka?" in ji Mai Aski.

"Ni ai na wuce neman aiki, ni nake samar wa mutane." Ya juya ya ɗan rusuna. "Baba, da kai zan fara. Ka ba ni mako ɗaya kawai, sai kekenka ya yi zafi."

Baba Tela ya dube shi ta saman tabarau.

"Abu ɗaya na tara a layin nan, shi ne sunana," in ji shi. "Na ba ka makon. In ka jawo mini abin kunya, teburinka ya bar rumfata."

"Baba, in an ji kunya, da kaina zan ɗauke shi."

"Da kan naka kuwa, don ba mai taya ka."

Danna-Nan ya buɗe manhaja. Shafin farko ya ce a zaɓi sana'a daga cikin jeri. Ya fara ja da yatsa yana karantawa da ƙarfi: akanta, injiniya, lauya, manajan banki, matuƙin jirgi.

"Tela fa?" in ji Mai Faci.

"Ka yi haƙuri mana, harafinsa a ƙasa yake."

Aka iso harafin. Tafinta. Tsara gidaje. Shi ke nan, jeri ya wuce. Ya koma sama, ya sake gangarowa a hankali. Babu tela, babu faci, babu aski. Ko mai cajin waya babu, amma wannan bai karanta wa kowa ba. A can ƙasa ya ga wani ɗan rubutu: "Idan ba ka ga sana'arka ba, zaɓi mafi kusa."

"Kun gani?" in ji shi. "Masu ilimi suka yi abin nan. In babu abin da kake so a jeri, sai ka zaɓi mafi kusa. Wannan ita ce dokar zamani."

Ya rubuta "ɗinki" a akwatin bincike. Manhaja ta yi ɗan juyi ta kawo layi ɗaya: "Likitan gida: allura, ɗinki, awo." Danna-Nan ya ɗora babban yatsansa a kan kalmomi biyun farko.

"Baba, kana aiki da allura?"

"Da me kake zaton nake aiki, da cokali?"

"Kana ɗinki?"

Baba Tela ya nuna masa keken ɗinki da haɓa.

"Awo fa?"

"Ga tef a wuyana kana tambaya."

"Uku cikin uku! Wannan ai kamar don kai aka rubuta." Ya danna.

Manhaja ta nemi hoto. Ya ɗauki Baba Tela yadda yake, farar riga, tabarau, tef ya zagayo wuya ya sauko ƙirji. Ta nemi takardar shaidar ƙwarewa. Takarda ɗaya ce mai hatimi a duk shagon, ta garantin keken ɗinki, wadda ta ƙare tun kafin a haifi Danna-Nan. Ya ɗauki hotonta ya tura, manhaja ta ce an karɓa. Sai ta nemi lambar gida.

"Layin nan yana da lamba?" ya tambaya.

"Rubuta: gaba da shagon mai faci, bayan famfon da ba ya kawo ruwa," in ji Mai Faci. "Ko makaho zai zo."

Ya rubuta. Manhaja ta ce ba a gane adireshin ba. Ya ƙara da "kusa da inda aka sare bishiyar nan". Ta ce ba a gane ba. Ya goge duka ya rubuta lamba ɗaya, ya dasa alamar taswira daidai kan teburinsa, ya sa lambar wayarsa, tunda ta Baba Tela ƙarama ce, kira kawai take yi da haska fitila.

Ganin an gama da dattijo ba a mutu ba, sauran biyun suka miƙa wuya. Ga Mai Faci ya rubuta "iska", manhaja ta kawo "Injiniyan iska: gyaran na'urar sanyaya ɗaki". Ga Mai Aski ya rubuta "aski", ba ta gane ba, ya rubuta "aske", ta kawo "Gyaran lambu: aske ciyawa, rage tsawo, fitar da layi". Babban yatsan nan ya sake yin aikinsa.

"Kana rage tsawo?"

"Kullum."

"Kana fitar da layi?"

"Tambayi duk samarin layin nan."

"An gama."

Da azahar matarsa ta kawo masa abinci, ya nuna mata shafin babanta yana jiran yabo. Ita kam ta yi makaranta, kuma daga farkon layi take fara karatu.

"Maigida, likita fa aka rubuta a nan."

"Ke ba ki san manhaja ba. Wannan kanun shafi ne kawai, ba mai karanta shi."

"Ni ga shi na karanta."

"Ke ai neman magana kike. Tela ba likitan tufafi ba ne? Riga ta yi ciwo, ina ake kai ta?"

Ta dube shi, ta dubi rumfar, ta dubi tsallaken titi inda rana take dukan turken wuta.

"Bari in nemo maka malafa tun yanzu," in ji ta, ta ɗauki kwanonta ta tafi.

Talata babu kira. Laraba wata mata ta kira tana neman wani da ba a sani ba. Ranar Alhamis da safe waya ta yi ƙara sau biyu a jere. Danna-Nan ya miƙe tsaye ya amsa da wata murya da ba a san shi da ita ba: "Babban ofishinmu ne, muna sauraro." Yana ajiyewa ya ƙwala wa Mai Faci kira.

"Injiniya! Wani ofis ne a cikin gari. Sun ce iskarsu ta zube, ba ta riƙewa."

"Taya nawa?"

"Ba su ce taya ba. Iska dai iska ce, je ka gani."

Mai Faci ya ɗaure famfo da gam da tsohon tiyub a bayan babur, ya ɗora bahon da yake tsoma taya a ciki, ya tafi.

"Mai Aski! Naka gidan wani babban mutum ne. Ya ce wata uku ba a taɓa ba, ya yi tsawo har yana jin kunyar baƙi."

"Kai nawa ne?"

"Bai faɗa ba. Ya ce dai gaba da baya yake so a yi."

"To da ma akwai mai aske gaba ya bar baya?" Mai Aski ya zuba injin aski da almakashi da hoda da madubi a jaka, ya rufe shago.

Danna-Nan ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Duk wanda ya zo karɓar wayarsa sai ya ji labarin yadda ya tura mutum biyu aiki ba tare da ya tashi daga kujera ba. Saura Baba Tela, kuma shi ne mai rumfa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata tasi ta ci burki a gaban teburin. Wata mata ta fito da waya a hannu, tana duban taswira tana duban shago. Bayanta wani ƙato mai gemu ya fito yana ɗingishi, ya danne cinyarsa da tawul, wandonsa a yage. Mijinta ne, ya faɗi a babur a kwanar baya.

"Nan ne ake ɗinki?" in ji matar. "Waya ta ce nan ya fi kusa."

Danna-Nan ya ga tawul, ya ga ɗan jini a gefensa. Amma ya ga wandon ma a yage yake, kuma yau kwana huɗu cikin bakwai.

"Nan ne," in ji shi. "Baba! Kwastoma daga manhaja!"

Cikin shagon akwai ɗan duhu. Matar ta ga dattijo da farar riga da tabarau da wani abu rataye a wuya, daidai yadda yake a hoto, hankalinta ya kwanta.

"Sannu da aiki, likit—"

Danna-Nan ya ɓarke da wani tari mai ƙarfi har ya rufe kalmar.

"Sannunku," in ji Baba Tela. "Ina ya yage?"

"A cinya, Baba."

"Babba ne?"

"Ya kai tsawon yatsa."

"Wannan ai wasa ne. Shekaranjiya aka kawo mini wani ya rabe tun daga ƙugu har gwiwa. Minti goma na haɗe shi."

Ƙaton ya ƙara danne tawul ɗinsa. "Yana tafiya yanzu?"

"Mai shi? Yau da safe na gan shi a kan keke. Zauna nan. Da hannu kake so ko da injin?"

Matar da mijin suka dubi juna.

"Har injin ake yi da shi yanzu?" in ji ta.

"Tun kafin a haife ki. Injin ya fi sauri, ya fi ƙarko. In na bi ta kai sau biyu, ko tsalle ya yi ba zai buɗe ba. Wane launin zare?"

"Launi kuma?"

"Wanda zai saje mana, kada a gane an taɓa wurin."

"Baba," in ji ƙaton, muryarsa ta sirance, "ba za a fara yin allura ba?"

"Allura ai dole." Baba Tela ya leƙa ta saman tabarau ya dubi yadin wandon. "Irin wannan mai kauri ne, ƙaramar allura karyewa za ta yi." Ya jawo aljihun tebur ya zaro wata allura da yake ɗinke tamfol da ita, ya ɗaga ta wajen haske. "In ramin ya yi faɗi, sai in yanko kaɗan daga ƙasan ƙafar in cike. Ba wanda ke duba ƙasan ƙafa."

"Ka yanko daga ina?"

"Kada ka damu, ƙafa ɗaya za ta ɗan fi ɗaya gajarta, sai in rage ɗayar su daidaita. In an gama a bi shi da dutsen guga mai zafi, ya kwanta luf." Ya ɗauki babban almakashinsa ya gwada bakinsa sau biyu a iska. "To, cire."

Mutumin da ya shigo yana ɗingishi ya fita ba ya ɗingishi. Ya tsallake benci, ya ture teburin caji, wayoyi bakwai suka watse a ƙasa, bulon da ke tokare da ƙafa ya mirgina kwata. Bai tsaya ba sai da ya shige tasi ya kulle ƙofa ta ciki.

Matar ta fito tsakiyar titi ta ɗora hannu a ka.

"Jama'a ku zo ku ga likitan da zai yi wa mijina guga! Zai rage masa ƙafa!"

Kafin ka ce me, layi ya cika. Baba Tela ya fito da almakashi a hannu.

"Wane ne likita?"

"Kai mana! Ga ka nan!" Ta juya masa fuskar waya. Baba Tela ya gyara tabarau ya karanta, daga farkon layi, kamar 'yarsa. Ya karanta sau biyu. Sannan ya duba cikin tasi, ya ga tawul ɗin da kyau a hasken rana.

"Direba," in ji shi, "asibiti yana ƙarshen layin nan, hannun dama. Kai shi yanzu."

Matar ta shiga, tasi ta tashi. Ba ta ɓace ba sai ga babur ɗin Mai Faci, shi kansa jiƙe sharkaf, baho a lotse.

"Ina Danna-Nan? Taya ka ce mini!"

"Ni iska na ce."

"Na'urar sanyaya ɗaki ce a bango! Suka ce tana zubar da iska. Na ce to, a sauko da ita. Ni hanya ɗaya na sani ta gano inda iska ke fita. Na cika baho na tsoma ta."

"Ta yi kumfa?" wani ya tambaya daga cikin taro.

"Ta ko'ina! Ina cikin liƙe huji na tara manaja ya shigo."

Ba a gama dariyar wannan ba sai ga Mai Aski a ƙafa, ciyawa har cikin kunnensa, injin askin yana wari kamar an ƙona roba.

"Gaba da baya!" ya ce yana haki. "Filin gaban gida da na bayan gida! Na ce ina mai askin, aka nuna mini ciyawa. Na ga na riga na zo, kunya ta hana ni juyawa. Awa biyu ina durƙushe, na aske wuri kamar faɗin tabarma, injin ya mutu."

"Ka fitar da layi dai?" in ji Mai Faci.

"Layi kam ya fita. Maigidan ma ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, sannan ya saki kare."

Danna-Nan yana tsugune yana tsince wayoyin mutane. Ya miƙe ya ɗaga hannu.

"Jama'a, a kwantar da hankali. Ƙaramin kuskure ne na na'ura. Danna nan kawai za a yi a goge."

Ya danna. Ya karanta abin da ya fito, ya ɗora babban yatsansa a kai.

"Karanta mana da ƙarfi," in ji Baba Tela. "Ka ɗauke yatsanka."

"Ta ce... domin goge shafin likita, a shigar da lambar lasisin likita."

Aka sa shi ya kira layin taimako, aka sa shi ya buɗe murya kowa ya ji. Wata muryar mace mai sanyi ta ce: "Idan kai kamfani ne, danna ɗaya. Idan ma'aikacin ofis ne, danna biyu. Idan kana da takardar digiri, danna uku."

"In tela ne fa?" Mai Aski ya yi wa wayar tsawa.

"Ba mu gane zaɓinka ba," in ji muryar. "Idan kai kamfani ne, danna ɗaya."

"To danna mana," in ji Mai Faci. "Ba sunanka ke nan ba?"

Baba Tela bai ɗaga murya ba. Ya shiga shago, ya zare wayar wutar da ke zuwa teburin, ya naɗe ta a hankali, ya fito ya ɗora ta a kan teburin.

"Shekara arba'in ba wanda ya taɓa gudu daga shagona," in ji shi. "Ka ce da kanka za ka ɗauka."

Da kansa kuwa ya ɗauka, a ka, ƙafa uku da rabi suna kallon sama, ya tsallaka titi. Da la'asar matarsa ta zo da malafa da wani kwali. Malafar ta miƙa masa. Kwalin ta rataye a ƙofar babanta, ta rubuta da manyan baƙaƙe: NAN TELA NE. TUFAFI KAWAI MUKE ƊINKAWA. ASIBITI YANA GABA, HANNUN DAMA. Zuwa Juma'a kwalin ya juya mutum huɗu, har da wata tsohuwa da ta zo awon jini.

Ranar Asabar da rana tsaka, Danna-Nan yana zaune a gindin turke, malafa a ka, wayoyi biyu kacal a gabansa suna jan wuta daga wani tsohon batirin mota da Mai Faci ya ara masa don tausayi. Sai ga matar ƙaton nan ta sauka daga tasi da leda a hannu. Mutanen layi suka zuba mata ido. Ta shiga rumfa ta gaida Baba Tela har ƙasa, ta ce maigidan ya samu sauƙi, ɗinki biyar aka yi masa. Sannan ta zaro wandon daga leda.

"Ya ce a kawo maka. Ya ce duk wanda ke magana a kan ɗinki da irin wannan ƙarfin zuciya, ya san aikinsa. Amma ya ce shi ba zai zo ba."

Baba Tela ya karɓa, ya juya shi, ya zaɓi zare, ya ɗora a keke.

Danna-Nan ya miƙe zumbur.

"Kun gani! Jama'a ku shaida! Manhaja ta kawo kwastoma, kuma mako bai cika ba!" Ya rungumi teburinsa ya fara jan sa zuwa titi. "Baba, in dawo inuwa ke nan?"

Keke ya ci gaba da tafiya. Baba Tela ya kai ƙarshen yagewar, ya juyo ya bi ta kai karo na biyu, ya yanke zare da haƙori. Sannan ya dubi surukinsa ta saman tabarau.

"Na duba jerin," in ji shi. "Babu inuwa a ciki."

Ya nuna siririyar inuwar turken wuta, wadda faɗinta bai fi tafin hannu ba.

"Zaɓi mafi kusa."